Tukunyar Mazarƙwaila da Yaya Bitrus Ya Bari

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Bitrus, tela a Ikara. Na daɗe ina shakkar rubuta wannan, don kada wani ya ɗauka ɗan caca ne. Ba a taɓa ajiye ko sisi a teburinsa ba.

Wasa ne na baki. Ranar Lahadi da yamma sai ya kwashe yadika daga teburin yanka, mu zauna: ni, da matarsa Rifkatu, da abokinsa Malam Sale, manomin rake daga Gubuchi. Yaya ke ba da labarin wata ƙasa da ya ƙirƙira, mai dodanni da matsafa. Kowannenmu yana da jarumin da yake magana da bakinsa. Idan jaruminka zai yi abu mai haɗari, sai ka jefa ƙwayar ludo a ga ko ya dace.

Kasuwar ƙasar ta fi dodannin damunsa. Ko gurasa ka ce jaruminka ya saya, sai ya ɗago kai ya ce, "Wa ya noma alkamar?" A can dawa tana araha da kaka, ta yi tsada a tsakiyar damina. Ranar da muka shiga wani ƙauye da zinariyar dodo, cewa ya yi rumbunan garin ba su ƙaru ba don mun yi arziki. Sayen akuya ɗaya ya cinye rabin abin da muka kwaso.

A ƙarshen rayuwar Yaya, jarumin Malam Sale ya tsinci tukunyar tsafi mai fitar da mazarƙwaila ba ta ƙarewa. Ya yi ta sayarwa yana dariya. Yaya ya ƙyale shi na wani lokaci, sannan ya ce farashi ya faɗi, rake ya bushe a fadama ba mai yanka, ga manoman sun taru a ƙofar gidan jarumin.

"Haba Bitrus, a wasan ma sai ka bi ni da asara?"

"Kai ka kawo tukunyar, Malam. Lahadi mai zuwa ka ba su amsa."

Lahadin ta sami Yaya a asibiti.

Nakan yi tunanin me zai ce da wasannin waya na yanzu, inda kana kashe dodo kuɗi ke zubowa daga jikinsa. Ina jin zai tambayi wa ya ɗinka wa dodon aljihu. Masarar da farashinta kan faɗi bayan an sayi taki da tsada kuwa ba za ta ba shi mamaki ba.

Bana Rifkatu ta ce ko dai in zauna a kujerarsa mu ƙarasa labarin, ko ta ba wani tela teburin. Na yi kwanaki ina juya maganar. Iyakata firamare, kuma ina tsoron in saka wa ƙasarsa abin da shi ba zai yarda da shi ba.

Muka zauna. Na ce manoman suna nan a ƙofa. Malam Sale ya ce jaruminsa zai fasa tukunyar a gabansu. Ƙarshe ne mai kyau, na kusa karɓa. Amma abin bai kwanta mini ba.

"Malam, masu alewa da suka saba da mazarƙwaila mai araha fa? Kuma tun da raken ya bushe, ina za a samo iri?"

Rifkatu ta ajiye ƙwayar ta dube ni.

"Ashe muguntar ta gida ce," in ji Malam Sale.

Sunayen dodannin Yaya na manta da yawa daga cikinsu, kayan da ya ɗinka sun tsufa a jikin mutane. Tambayarsa ce ta rage, ta hana mu gamawa, kuma Rifkatu ba ta sake maganar teburin ba. Lahadin da ta wuce jarumin Malam Sale ya tafi wata fadama mai nisa neman irin rake. Ya samu, amma da tsada.