Yammacin Juma'ar da na ɓata wa malamin Yahudawa lokaci

A lokacin da abin ya faru ni direba ne a wani kamfanin ɗaukar baƙi a Doha, gemuna ya riga ya yi fari. Kafin nan na yi fatauci a Abidjan, na zauna a Kasablanka da Jidda, don haka ina jin Faransanci da Larabci, kuma saboda haka ake haɗa ni da manyan baƙi. Ina ganin kaina mutum ne da ya ga duniya, ba wanda zai gaya mini halin wata al'umma.

Wani hunturu, ana tsakiyar yaƙin da kowa ke kallo a waya yana kuka, aka ba ni wani dattijo malamin Yahudawa daga Turai. Mutum ne mai yawan tambaya, Alhaji yake ce mini, yakan tsokane ni cewa Faransancina na 'yan kasuwa ne. Ni kuwa zuciyata ba ta sake da shi ba. A ɗakinmu na unguwar Mansura samarin da muke zama tare suka sa ni gaba, suna ce mini ko Baba ya fara karɓar albashi daga wajen Yahudawa. Na yanke wa kaina hukunci cewa ya zo ne ya wanke mutanensa a gaban kyamara.

Ranar Juma'a ya ce in kai shi daga otal ɗinsa a Lusail zuwa wani gida a Thumama, ya nanata cewa lallai mu isa da wuri. A Kasablanka na zauna kusa da Yahudawa, na san da zarar rana ta faɗi ranar Juma'a Asabar ɗinsu ta shiga, mai riƙon addini a cikinsu ba ya hawa mota. Sai na yi amfani da wannan sanin. Na zo a makare, na tsaya shan mai alhali tanki bai yi ƙasa ba, sannan na bi ta bakin teku inda na san cunkoson yammacin Juma'a zai riƙe mu. Nufina rana ta faɗi, ya sauka, taron da za shi ya wuce shi.

Da aka kira magariba sai na tambaye shi, har da ɗan murmushi, ko in tsaya ya sauka. Sai ya ce, "Tuƙa, Alhaji. A wurinmu ana karya Asabar saboda rai guda, yau kuma yara ne ke jira." Ya bayyana mini cewa ya yi watanni yana bin wasu masu mulki daga cikin mutanensa har suka yarda a fitar da wasu yara da yaƙin ya raunata zuwa asibiti a waje. Yaran Musulmi ne. Mai shiga tsakanin da zai ɗauki maganar zai tashi a jirgi a wannan maraicen, kuma ya ce ba zai karɓe ta ta waya ba, sai ido da ido.

Na yi gudun da ban taɓa yi ba, amma da muka isa mai gadin, wani ɗan Zongo daga Kumasi, ya ce khalas, wato shi ke nan, mai shiga tsakanin ya tafi filin jirgi. Dattijon ya ƙi komawa motar, ya ce uzurin da ya halatta masa ita ya ƙare. Ya taka zuwa wani ƙaramin masauki, bayan ya ba ni haƙuri da ya hana ni hutun Juma'ata.

An sake haɗa ganawar bayan kwanaki. Ranar da dattijon zai koma gida, a hanyar filin jirgi ya gaya mini an fitar da yaran, sai yarinya ɗaya da jikinta bai iya jira ba. Ban san ko jinkirina ne sanadi ba, kuma ban faɗa masa abin da na yi ba. Na karɓi godiyarsa, na sauke masa jaka.

Yawon da na yi ya koya mini al'adun mutane, amma na ɗauki abin da na sani na cuci mai shi. Ina roƙon 'yan'uwa, musamman masu riƙe da sitiyari ko ƙofa, kada fushi ya sa ku tare wa mutum hanya ba ku san abin da ya ɗauko ba. Ni na tare, kuma har yau ko sunan yarinyar ban sani ba, balle in ambace shi a addu'a.