Lanty da Tumakin da Ba Su San Gida Ba

A saman dutsen da ke kan kwarinmu, can arewacin Cumberland, babu shinge ko na taku ɗaya. Gidaje tara ke kiwo a kansa, kuma tumakin kowane gida sun san wurinsu, daga rafin nan zuwa tsibin duwatsun can, ba sa ƙetarewa. Ba wanda ya koya musu da sanda. Uwa ce ke hawa da 'yarta a watan Mayu, ta nuna mata inda ake shan ruwa da inda ake fakewa in iska ta taso daga teku, 'yar ta girma ta nuna wa tata. Shi ya sa ba a sayar da gona a nan sai da garkenta.

A cikin irin wannan garke Lanty Birkett ya buɗe ido. Gajere ne, mai taurin kai, in ka gaishe shi ya ɗaga sanda to ka ci sa'a. Matarsa Edna ta rasu yana da sittin da uku, 'yarsu Maureen tana aikin jinya a birnin Carlisle. Daga shi sai karyarsa Fly, sai tumaki ɗari uku da kakan kakansa ma gadonsu ya yi.

Shekarar da ciwon baki da kofato ya shigo ƙasar, ya sauko da su kwari don haihuwa. Ciwon ya ɓulla a gonar da ke jikin tasa, doka kuwa ta ce duk na kusa a kashe. Lafiyarsu lau. Shi ya riƙe wa ma'aikatan ƙofar garke da hannunsa, kafin yamma an gama.

Ranar Lahadi Maureen ta bugo waya.

"Baba, ka dawo wurina. Ga ɗaki nan ba kowa, ga asibiti kusa saboda gwiwar nan taka."

"In na taho wa zai riƙe dutsen?"

"Dutse gudu zai yi, Baba?"

Ba zai gudu ba, amma Lanty ya san abin da ya fi gudu. In wurin Birkett ya yi shekara biyu ba tunkiya, na maƙwabta za su bazu a kai, su koya wa 'ya'yansu cewa nasu ne. Ba kotun da za ka kai tunkiya. Abin da aka yi shekara ɗari uku ana riƙewa sai ya ɓace ba tare da kowa ya yi laifi ba.

Ya sayo 'yan tumaki ɗari da ashirin daga wani kwari. Ranar da ya hau da su, kafin ya zauna ya kwance ƙunshin burodinsa, rabi sun doshi gabas, rabi sun bi garken wani gida kamar an gayyace su biki. Tun daga ranar ya zama shi ne uwar. Safe da yamma, ruwa ko ƙanƙara, shi da Fly suna zagaya iyakar wurin, mil huɗu, suna juyo da duk wadda ta ƙetare. Mu dai daga ƙasa muke hango shi, ɗan baƙin ɗigo yana ɗingishi. Tausayi ya ba mu, amma ba wanda ya isa ya faɗa masa.

Kowane Nuwamba makiyayan kwaruruka kan taru a bayan wata tsohuwar mashaya, kowa ya kawo baƙin tumakin da ya tsinta, mai su ya gane nasa ta shaidar fenti da tsagar kunne. Bayan haka a ci romon rago da dankali, a yi waƙa. Shekara ta biyu Lanty ya je karɓar ɓatattunsa goma sha ɗaya, ana ta yi masa tsiya. Sai ga Jonty Teasdale na kwarin yamma, yana jan wata ramammiyar tunkiya da igiya.

"Kai tsoho, zo ka ɗauki budurwarka. Kwana uku tana dukan katangata da kai, ta hana ni sukuni."

"Ba tawa ba ce. Nawa duk yara ne."

"To duba kunnen mana, ko idon ma ya bi gwiwar?"

Lanty ya kama kunnen hagu. Tsaga biyu, da hannunsa ya yi su. Tana cikin tsofaffin da ya sayar wa wani manomin bakin teku wata biyar kafin ciwon, kamar yadda ake yi da duk wadda dutse ya fara fin ƙarfinta. Mil ashirin da wani abu ta tako tana neman gida. Ya durƙusa a cikin taɓo yana duba bakinta, ya daɗe bai ɗago ba. Haƙori huɗu suka rage. Jonty ya juya ya shiga zancen farashin ciyawa da wani.

Manomin ya ce a waya a bar ta, dama ta ishe shi da tsallake shinge. Duk sanyin shekarar a barga ta yi shi, Lanty yana jiƙa mata hatsi da ruwan ɗumi. Ashe da ciki ta zo, a nan ta haifi 'ya mace. Watan Mayu ya buɗe ƙofar hawa dutse. Ba ta waiwaye shi ba. Ta haura da jaririyarta a gindi, ta sha ruwa a rafi, ta je tsibin duwatsu ta tsaya cak, ta juyo. Wasu 'yan tumaki shida suka biyo ta.

Shekara uku tana hawan dutsen kafin ya tsince ta a mace a mafakar iska, ta bar 'ya'ya mata huɗu. Shi bai fasa zagayensa ba. Waɗanda yake juyowa suka ragu daga talatin zuwa goma, daga goma zuwa biyu ko uku.

Wata safiya a shekara ta bakwai, yana da saba'in da biyar, ya zagaya mil huɗun nan bai yi wa Fly fito ko sau ɗaya ba. Kowace tunkiya tana wurinta da 'yarta, ba wadda ta ɗaga kai ta dube shi. Ya ce ko sa'a ce. Kashegari ma haka, har mako ya cika. Fly ta gaji da jiran umarni, ta kwanta a ciyawa.

Ya sauko a hankali, ya cire takalma a bakin ƙofa, ya ɗora buta a wuta. Ya kamata ya yi murna, ya kuwa yi, ta ɗan lokaci. Da ya zauna ya dubi agogon bango, ƙarfe tara da kwata na safe, kuma babu mai neman sa ko'ina.