Tarin Da Ke Cikin Kaset Ɗin Nawa Ne

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, wannan maganar kuwa ko a gida ba na yin ta.

Makon jiya wani ya ɗora tsohuwar waƙar Na-Gehuru, "Tarin Amarya". Ana ta dariya, ana tambayar ko wa ke tari a ciki. Ni ce. Na-Gehuru mijina ne, Allah ya jiƙansa.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, ina amarya a Sabon Garin Jega. Maigidana mawaƙin barkwanci ne, shi da yaransa: mai kalangu, mai fiyano da 'yan amshi. Bukukuwa suke bi daga Jega zuwa Aliero da Maiyama, musamman in an sayar da albasa. Ba su da situdiyo. A zaurenmu suke ajiye rediyo mai kaset su ɗauki waƙa, in akuya ta yi kuka a sake daga farko.

Ranar ina ɗaki ina karanta wani littafin soyayya da na aro, sai tari ya sarƙe ni. Ashe duk inda kalangu ya tsaya, nan tarina ke faɗowa. Da suka mayar da kaset baya suka saurara, har da mai faɗuwa daga kan benci don dariya.

Ummaru mai kalangu ya ce, "Maigida, don Allah kar a goge. Amarya ta hi mu iya kiɗi."

Nan take maigidana ya sauya baitocin, waƙa ta koma ta amaryar da ta cika yaji a miya har ya shaƙe ta. Ni ma na yi dariya.

Waƙa ta karɓu. A wajen biki Ummaru ke kwaikwayon tarin, mata su yi ta shewa.

Nawa kuwa bai tsaya ba. Zazzaɓi da yamma, gumi, ƙin abinci. A littattafan da nake karantawa budurwa kan rame ta kwanta, masoyi ya zo ya zauna a bakin gado. Da na ga awarwarona na zamewa har gwiwar hannu, ban tsorata ba. Gani nake na shiga littafi.

Na sha zuma da ruwan albasa. Na taɓa zuwa kemis, ina yin tari mai shagon ya ɗauki amshin waƙar. Na sayi maganin ciwon kai na fito. Daga nan na koyi danne tari a gaban mutane.

Sai ranar da na ga jini a bakin mayafina.

Inna ta zo daga Maiyama, ta dube ni, ta dubi surukinta. Ta ce, "Kai kana ba gari dariya, ɗiyata na tofar da jini. Wanga ba yaji ba ne."

A asibiti aka ba ni ƴar kwalba in riƙa tofa kaki da sassafe. Aka tura mu Birnin Kebbi ɗaukar hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton ya ce, "Tibi ne, tarin fuka. Ana warkewa in ba a yanke magani ba. Tun yaushe take tari?"

Maigidana ya ce, "Tun kafin kaset."

Likita ya sake dubansa. "Kai ne Na-Gehuru?" Ya fara murmushi, sai ya haɗiye abinsa.

Aka kwantar da ni. Allura kullum da safe, har aka rasa wurin sokawa. Ƙwayoyi cike da tafi, fitsari ya koma ja. Aka ware mini kwano da kofi. Matar da ke gadon kusa da ni, mun yi hira da hantsi, kafin la'asar an naɗe katifarta. Ranar na ji tsoro, kuma babu littafin da ya taɓa gaya mini kamanninsa.

Magani saya muke yi. Aka sayar da fiyano, mai kaɗa ta ya kama gabansa. Maigidana kuma ya rantse ya bar waƙar. Wata rana ya dawo daga biki a Aliero hannu wofi.

Ya ce, "Sun ce ko in yi Tarin Amarya ko in tashi. Na tashi."

Na ce, "To da mi za mu sai allurar gobe?"

Biki na gaba ya yi waƙar. Daga baya Ummaru ya gaya mini cewa duk sanda aka zo wurin tarin sai maigidana ya juya wa jama'a baya, su kuwa su ɗauka cikin wasan ne, dariya ta ƙaru. Haka ya ci gaba da yi har ya bar waƙa.

Waƙar nan ce ta saya mini magani har na gama.

Na kusa shekara ina sha. Aka sake gwada kaki aka ce babu komai. Allurar ta rage mini jin kunnen hagu, har yau. Na yi ƙiba, na haihu, na koma aron littattafaina.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da ma'aikatan jinyar da ban san sunayensu ba, da Ummaru da ya yi ta tarin ƙarya don in bar na gaskiya.

In tari ya wuce mako biyu a je a gwada kaki. Yanzu maganin kyauta ne a asibitin gwamnati. Kada a yanke shi don an ji sauƙi. In kuma na gida ana yi masa ba'a da wani ciwo, a dubi wuyan hannunsa.

Ɗiyata Hafsatu ta kira ni jiya, ta ce ko ta sa wanda ya ɗora waƙar ya cire ta.

Na ce a bar ta.