Suna Kawai Suka Saya

Shekara tara tsohuwar wayata ta yi a aljihuna. Ta taɓa faɗawa randa a Runka, na shanya ta a rana, ta tashi. Da batirinta ya kumbura, mai gyara a kasuwar Batsari ya ce, "Malam, an sayar da kamfanin nan tuni, sai dai ka ɗauki sabuwarsu."

Na ɗauka, don sunan da ke jikinta.

Lokacin da aka katse mana sabis, sai da na hau mota har Katsina, inda akwai sabis, don in kira in ji muryar ɗiyata. Ta ce "Baba," wayar ta mutu. Cike da caji fa na baro gida da ita! Ashe masu sayen kamfanin, suna kawai suka saya.