Deok-bae Zai Kai Matarsa Yeosu

Ok Deok-bae masunci ne ɗan masunci, a wani ƙauye na bakin teku kusa da Tongyeong. Tun yana saurayi yake jan koma, har kansa ya yi fari fat, gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai miƙe. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsawa. Jirginsa ƙarami ne, shuɗi, da injin da ba ya tashi sai ya sha zagi. Matarsa Mal-sun kuwa aikinta a tudu yake, ita ce tsince kifi, ita ce shanya, ita ce kai wa kasuwa.

A wajenmu a da, mace ba ta taka jirgin kamun kifi. Wai sa'a za ta gudu, wai teku zai yi fushi. Maza ne suka ƙago zancen, amma mata sun fi su riƙo da shi, don su ake bari a gaɓa da zullumi.

Sau ɗaya tak Mal-sun ta karya dokar. Ɗansu guda, Yong-gu, ya fara bin uban zuwa teku, wata safiya ya manta ƙunshin abincinsa. Ta biyo shi da gudu, ta ga hannunta bai kai ba, sai ta ɗora ƙafa a kan jirgin ta miƙa masa. A fitar nan igiyar koma ta naɗe ƙafar Yong-gu ta fizge shi cikin ruwa. Da aka kawo gawar, uwar Deok-bae ta nuna surukarta a gaban jama'a ta ce, "Ga ƙafar da ta cinye mini jika." Deok-bae yana tsaye, ya san shi ne bai naɗe igiyar yadda ya kamata ba, amma bai ce uffan ba. Shirun nan ya ci shi fiye da tsufa, kuma bai taɓa samun bakin warware shi ba.

Da idonsa ya fara rauni, ya yarda zai sayar da jirgin ga wani mutumin Goseong, wanda zai zo ɗauka a ƙarshen wata. Sai ya ƙudura cewa kafin nan zai ɗauki Mal-sun yawon shan iska, su bi ta tsakanin tsibirai har Yeosu, inda jajayen furannin dongbaek suke buɗewa a ƙarshen sanyi. Abin da bakinsa ya kasa faɗa yake so jirgin ya faɗa mata, cewa ƙafarta ba ta da laifi.

Ya shiga shiri kamar mai aurar da 'ya. Ya wanke jirgin da ruwan zafi har ƙarnin kifi ya ragu. Ya kafa ƙarfen riƙewa a gefe, ya ɗaure kujerar roba a inda feshin ruwa ba ya kaiwa. Ya zauna yana lissafin cikar ruwa da janyewarsa, don mashigin Noryang ba ya son a zo masa a kan kuskure. Ya tsara za su tsaya Samcheonpo su sha romon kifi, ta miƙe ƙafa.

Abokinsa tsoho Chu ya same shi yana goge katako, ya tsaya yana dariya.

"Kai tsohon banza, amarya za ka ɗauko ne? Jirgin da ko ni ba ka taɓa share mini wurin zama ba!"

"Kai ai warinka ya fi na kifin," in ji Deok-bae.

"Ka gaya mata kuwa?"

"Na gaya mata."

"Ta ce me?"

"Ta ce to."

Chu ya daina dariya, ya sosa ƙeya. "Ni dai 'to' ɗin Mal-sun ban cika yarda da shi ba."

Ranar tafiya gari ya waye garau, teku kwance kamar tabarma. Mal-sun ta zo da rigarta ta zuwa biki da ƙunshi a hannu, ta naɗe shinkafa a ganyen teku, ta haɗa da kimci, wato kabeji mai tsami da yaji, da dafaffen ƙwai. Deok-bae ya jawo jirgin ya manna shi da dakalin tasha, ya miƙa mata hannu. Ta ba shi ƙunshin. Ya ajiye, ya sake miƙa hannun.

Ta dubi gefen jirgin, ta ɗaga ƙafa, sai ta mayar da ita.

"Hau mana, tsohuwa, ruwa zai juya mana."

"Ka je ka gano mini su."

"Su wa? Furanni zan je gani ni kaɗai kamar mahaukaci?" Ya sauke hannunsa. "Ke, zancen nan duk ƙarya ne. Igiya ce. Ni na bar ta a warwatse, kin ji? Ba ƙafarki ba ce."

"Na sani," ta ce. "Tun a ranar da abin ya faru Chu ya gaya mini."

Deok-bae ya tsaya baki buɗe. "To me ya hana ki?"

"Baban Yong-gu," ta ce, sunan da ba ta sake kiransa da shi ba tun da aka binne yaron. "Kaina ya sani, amma ƙafar ta ƙi. In na hau, ko yatsa ka yanke a hanya, ba zan rayu ba. Kai kaɗai ka rage mini."

Ya so ya yi tsawa kamar yadda ya saba, tsawar ta ƙi fitowa. Ya kashe injin. Mal-sun ta shimfiɗa gyalenta a bakin dakalin ta zauna, ta tattare ƙafafunta nesa da jirgin. Shi kuma ya zauna a ciki ya kwance ƙunshin, yana miƙo mata tana karɓa. Ruwan da ya yi ta lissafi ya cika ya juya, suna nan zaune suna ci, hawaye na zubo masa bai share ba.

A ƙarshen wata mutumin Goseong ya zo ya ja jirgin, Mal-sun na tsaye a gaɓa tana riƙe da hannun rigar mijinta.