Shekarar da Na Fara Gadin Zuciyata

Ina 'yar shekara tara maƙwabcinmu tela a unguwar Zogbeli ya rasu. Da hantsi ne, yana kan keken ɗinki, ya sunkuya kamar zai ɗauki zare, bai ɗago ba. Na ji mahaifiyata, da muke kira Mma, tana gaya wa mai koko cewa zuciyarsa ce ta tsaya.

Kafin ranar ban san akwai abin da ke aiki a ƙirjina ba tare da na sa shi ba. Na zagaya bayan ɗaki na ɗora hannu. Ga zuciyata nan tana bugawa. Tsoro ya kama ni, sai ta ƙara sauri, saurin kuma ya ƙara mini tsoro.

Daga nan na zama mai gadinta. A aji tica yana rubutu a allo, ni hannuna yana cikin riga. Na daina gudu zuwa famfo da sauran yara. Na fara jin kukan cikina, da bushewar maƙogwaro, da numfashin da in na tuna da shi sai ya ƙi fita da kansa. A ganina in na shagala kaɗan za ta tsaya.

Mma ta ga ina ramewa. Wata Asabar ta ɗora ni a bayan moto, wato babur ɗinta, zuwa unguwar Kalpohin, gidan ƙanwarta mai aikin nas. Anti ba ta yi mini dariya ba. Ta ɗauko abin sauraren ƙirji ta saurara, ta ce lafiyata ƙalau. Na ce ai ita ba ta jin abin da nake ji.

"Gaskiya ne, 'yata," in ji ta. "Ni ƙara kawai nake ji. Yadda take a ciki, ke kaɗai kika sani."

Don hankalina ya kwanta ta faɗa, amma maganar ta fi ba ni tsoro. A hanyar komawa na rungume Mma ƙam, kumatuna a bayanta. Duk matsewar da na yi, tana cikin jikinta, ina cikin nawa. Da muka tsaya a danja ta waiwayo ta tambaye ni ko na ji sauƙi. Na ce e. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi mata ina sane cewa ba ta da yadda za ta gane.