Karkataccen Gurbi a Jitar Yaya

Tun da suka gudo daga Baruwa yayana ya daina hira. Ya iso Difa da matarsa da ƴaƴansa da rigar da ke jikinsa, na ba su ɗakunan baya, shi kuma ya samu gindin dalbejiyar tsakar gida ya zauna. In ka gaishe shi ya amsa, in an kawo tuwo ya taɓa. Mutumin da a da in ya shigo gida sai maƙwabta sun sani, ga shi yana ƙarewa a gabana, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

A samartakarsa shi ne mai jitar ƙungiyar kiɗan garinmu. Jita ce mai lantarki, ja, tsohuwa tun kafin ta zo hannunsa, wani soja da aka canza wa wurin aiki ya bar masa ita. Da ya koma noman tattasai a bakin kogin Komadugu ya tafi da abarsa. Sai ƴan bindiga suka fara shigowa ƙauyuka, kayan kiɗa a ɗaki ya zama abin da zai iya jawo wa mutum ajalinsa. Ya naɗe ta a leda da tamfol ya binne a gefen gona. Matarsa ce ta gaya mini wannan a ɓoye.

Ni bakaniken babur ne, kuma tun da aka hana hawan babura hannuna ke ƙaiƙayi. Da hanya ta ɗan lafa na bi motar masu sayen tattasai, na je na tono ta. Wuyanta lafiya lau, amma gara ta samu hanya ta shiga gangar jikin. Ƙarafan nan masu maganaɗisu da ke ɗaukar muryar tsirkiya, waɗanda makaɗa ke ce wa mikiro, duk sun sake suna lilo. Ramukan da suke zama ciki sun rube, kusoshin ba su da abin kamawa.

Na ajiye ta gaban Yaya. Ya dube ta sau ɗaya ya kau da kai.

"Kai ta murhu," in ji shi.

"Sai dai ka tashi ka kai ta da kanka."

Bai tashi ba, ni ma ban kai ta ba. A gidanmu an san ni da taurin kai tun ina ƙarami, kuma wannan karon na yi niyyar in yi amfani da shi. Na kafa teburin aikina daidai inda zai riƙa ganina, ko yana so ko ba ya so.

Na kwance farantin robar da ke rufe ramukan, na ciro mikiro ɗin da wayoyinsu na adana a gwangwanin madara. Sannan na bi katakon ina ƙwanƙwasawa da ƙotar wuƙa. Inda ya amsa da ƙarfi in bar shi, inda ya yi shiru in sassaƙe har sai na tarar da lafiyayye. Wani abokina mai gyaran jikin mota ya leƙo ya ce in cike ramukan da mastik kawai in huta. Na ce ya je ya liƙa wa motocinsa, kusa ba ta kama mastik. Na samo guntun maɗaci daga wani tsohon kwale-kwale da ya fashe, katakon da ya sha ruwa ya sha rana har ya gama duk motsin da zai yi. Na riƙa yanka shi ƙanana, in goge, in gwada, in sake gogewa, sai ya zauna daram sannan in shafa gam in ɗaure da robar tayar babur. Ramukan kusoshin da suka buɗe baki na cusa musu ƴan turaku na sake hudawa. Cikin kowane gurbi na shimfiɗa takardar azurfa ta kwalin shayi don kada ta riƙa gurnani in an sa mata wuta.

Duk wannan Yaya yana zaune yana yi kamar bai gani ba. Amma na lura ya daina juya wa teburin baya.

Gurbin ƙarshe, wanda ke can ƙasa inda tsirkiyoyi ke ɗaure, shi ya ba ni haushi. Gara ba ta taɓa shi ba, hannun mutum ne ya ɓata shi. An ƙwaƙule gefe ɗaya ya yi zurfi, ƙasan ya karkace, an kuma cusa guntun silifas a ciki. Na yi tsaki na ce ko wane ne ya yi wannan aikin gangancin Allah ya shirye shi. Ni a aikina abu in bai miƙe ba barci ba ya ɗaukata. Na fitar da silifas ɗin na jefar, na yanka maɗaci mafi kyau na cike wurin, na goge ya yi sumul. A duk aikin babu inda na yi alfahari da shi kamar nan.

Ranar da na gama na aro amfili, akwatin ƙara sauti, wajen wani mai kiɗan biki, na haɗa shi da batirin mota bayan la'asar. Yaya ya ƙi miƙo hannu, sai matarsa ta ɗauki jitar ta ɗora masa a cinya ta koma gefe. Ya daɗe yana kallonta. Can ya gyara tsirkiyoyin, ya ɗan kaɗa, ya tsaya. Ya sake kaɗawa, fuskarsa ta ɓaci.

"Kai, mi ka yi mata?"

"Gyara na yi, Yaya."

"Wannan ba muryarta ba ce. Ina ramin da ke nan ƙasa?"

"Karkataccen? Na cike shi. Wani sakarai ne ya ƙwaƙule."

"Ni ne sakaran," in ji shi.

Daga nan ya buɗe mini wuta. Ya ce shi ya sassaƙe wurin da wuƙarsa yana saurayi, don mikiro ya nutse ta wajen tsirkiyoyi masu kauri, su yi ƙasa-ƙasa kamar gurmi, siraran kuma su fito sama inda mata za su ji su yi guɗa. Silifas ɗin shi ke riƙe shi a karkace. Ya ce da wannan muryar aka san shi daga nan har Damagaram, ni kuma na zo na mayar masa da ita jitar kowa da kowa. Ya ce tun ina yaro haka nake, komai sai na miƙar da shi ko ba a sa ni ba.

Da farko raina ya ɓaci, don na sha wuya a kan gurbin nan. Sai na hangi matarsa ta rufe baki da mayafi, ƴaƴan sun fito ƙofar ɗaki suna kallon ubansu. Tun zuwansa Difa bai yi magana mai tsawon haka ba. Daɗi ya kama ni har na ji tsoron kada ya gani a fuskata ya koma shiru.

Na karɓi jitar, na kwance farantin, na ɗauko wuƙa. Na ji bayaninsa sarai, na san gefen da yake nufi. Da gangan na ɗora bakin wuƙar a ɗaya gefen, na yi kamar zan danna.

"Ba nan ba. Kawo."

Ya tashi daga gindin dalbejiyar ya zo teburin, ya ture ni da kafaɗa. Ya karɓe wuƙar daga hannuna. Ina tsaye ina kallo yana fere maɗacina mai kyau, ɓawon na zuba a ƙafarsa, yana gwadawa da babban yatsa yana ci gaba da yi mini faɗa.

Da zurfin ya yi masa, ya ce a samo masa tsohon silifas. Matarsa ba ta tsaya nema ba, ta cire na ƙafarta ta miƙa masa.